Baitin Rana ta Goma

Duk yaron da ya kai aji bakwai a wajenmu ya haddace waƙar yayata, ko ya so ko bai so ba. "Dakata a Bakin Rafi", ta Tripta Basnotra, ga hotonta a saman shafi tana wani murmushi da ba ta taɓa yi wa kowa a gida ba. Malamai kan tambayi yara me ya sa waƙar ta tsaya cak babu ƙarshe, yara su rubuta cewa hikimar marubuciya ce, a ba su maki. Ni Ratno, ƙanwarta, ban wuce aji huɗu ba, amma na san amsar tun ina 'yar shekara bakwai. Waƙar ba ta da ƙarshe ne saboda mai ita ta gudu kafin ta ƙarasa.

A ƙauyenmu Dalot, idan aka yi mutuwa ba a barin mata su yi ta kuka barkatai, kowa da nata ihun. Akwai mai jan kuka. Tamu Masi Barkate ce, Musulma, matar makaɗin gari, doguwa siririya, ko harafi ɗaya ba ta sani ba. Takan zauna a tsakar gida, mata su kewaye ta, kowa ta ja gyale ta rufe fuska. Nan take za ta tsara wa mamaci waƙarsa, da halinsa da tafiyarsa da abin da ya bari, mata suna amsawa da "hai, hai" suna dukan ƙirji. Wannan shi ne buɗewa, ranar farko ake yi. Da bakinta za ta raka mamacin har bakin rafi ta ce ya tsaya nan. Rana ta goma, idan matan aure sun sauka rafin Basantar wanka da wankin kayan makoki, sai ta shiga ruwa zuwa gwiwa, ta juya wa kowa baya, ta faɗi baitin ƙarshe ƙasa-ƙasa, ta sallame shi ya ƙetare. Ban san yadda wasu garuruwa suke yi ba. Mu haka muka taso muka gani, kuma wadda ta buɗe ita ke rufewa.

Zazzaɓi ya ɗauke mahaifinmu, Masta Hem Raj, a watan Oktoba na 1947, lokacin da mutuwa a kan gado ta zama gata. Rikicin raba ƙasa tsakanin Musulmi da mu Hindu ya ɓarke, ana ƙona ƙauyuka gabas da yamma, unguwar su Masi Barkate an riga an ɗaure kaya. Babu wanda ya zaci za ta zo, sai ga ta da hantsi ta shigo.

Mahaifiyarmu ta ce, "Barkate, a cikin wannan halin kika fito?"

"In ban zo ba wa zai yi wa Masta-ji? Ke, da wannan muryar taki ta agwagwa? Matsa in zauna."

Ina maƙale da Tripta a bakin ƙofar ɗaki, ita tana da sha biyu. Ba zan kawo muku waƙar duka ba, tana cikin littafi. Ta fara da:

*Ka tafi da makullin makaranta a aljihu, Masta-ji,*
*yara na tsaye a rana.*
*Allin da ke yatsunka mun wanke, ya ƙi fita.*

Ta ƙare da:

*Dakata a bakin rafi, cire takalmanka ka riƙe.*
*Kada ka ƙetare tukuna, ina zuwa.*

Rana ta shida aka wayi gari unguwarsu babu kowa sai kaji. Wasu suka ce sun ƙetare iyaka sun isa Sialkot, wasu suka ce ba su wuce gonakin rake ba. Rana ta goma mata suka sauka rafi, suka yi wanka, suka tsaya suna kallon juna. Babu wadda ta taɓa jin baitin nan da kunnenta. Mahaifiyarmu ta dawo gida da jiƙaƙƙen zane, ta zauna a ƙasa ta ce, "An bar shi tsaye."

Shekara na zagayowa muka koma birnin Jammu wurin kawunmu. Tripta tana da wani irin kunne da ban taɓa ganin irinsa ba, magana ta wuce ta gefensa sau ɗaya, ta shiga ke nan. Tana 'yar sha shida malamarsu ta ce kowace yarinya ta kawo waƙa da Dogri, harshenmu na gida, sai ta zauna ta rubuta kukan Masi Barkate kaf, ta cire amshin mata, ta taɓa kalma biyu ko uku. Na yarda ba sata ta yi niyya ba, kewar Bauji, mahaifinmu, ce ta dame ta. Malamar ta karanta ta yi hawaye, ta kama hannunta sai gidan rediyo. Mai gabatarwa ya ce, "Ga waƙar da wannan yarinya ta tsara," ya juyo ya dube ta. Abin bai wuce ta buɗe baki ta ce ba tata ba ce. Ta gyara tsayuwa ta fara karantawa.

A rediyon maƙwabta mahaifiyarmu ta ji. Ba ta mare ta ba, ni kuwa na so a ce ta mara.

"Kin je kin buɗe. Wa zai rufe?"

"Ma, waƙa ce fa kawai."

"Ubanki ne."

Har ta mutu ba ta taɓa zuwa taron da Tripta za ta yi karatu ba.

Sauran labarin jaridu sun ba da shi fiye da yadda zan iya. Littafi ashirin da biyu, rabi da Dogri rabi da Hindi, lambobin yabo har mun rasa bangon ratayewa, aure da wani injiniya a Delhi da ya rasu bai bar mata ɗa ba. Ba zan ci amanarta ba, cikin abin da ta rubuta da kanta akwai masu kyau. Akwai ta mata masu ɗaukar ciyawa daga tudu, wadda har yau in na tuna sai wuyana ya yi ciwo. Amma ko'ina ta je, da ta gama karanta sababbin, sai wani daga baya ya ɗaga murya, "A Bakin Rafi! A Bakin Rafi!" Da mijina ya mutu na je wurinta da nufin wata biyu, na yi shekara ashirin da shida. Ni ce mai riƙe jaka, ni ce mai tuna maganin hawan jini, ni ce mai dafa mata kabewa da tsamiya irin ta gida saboda cikinta ba ya karɓar abincin otal. A taro kuwa sunana "wadda ta zo da Madam". Wannan ya ƙona mini rai ba kaɗan ba, kuma ban taɓa faɗa mata ba.

A wani zaure a Udhampur na fara sanin abin da ke bin ta. Rana tsaka ce, tagogi a buɗe. Ta kai layin ƙarshe, aka ɗau tafi, ita kuwa idonta na can bakin ƙofar baya. Da na miƙa mata ruwa ta riƙe tsintsiyar hannuna.

"Ratno, wancan da ya ƙi zama, kina ganinsa?"

"Wa?"

"A bakin ƙofa. Mai riƙe da takalmansa."

Na duba, babu kowa sai hasken rana. Na kira ta yadda muke kiran yaya a gida, na ce, "Bobo, yunwa kike ji. Tun yaushe kike ganinsa?"

"Tun gidan rediyo."

Ta ce ba ya magana, ba ya fushi, bai ma tsufa ba. Tsaye kawai yake kamar mai jiran motar da aka ce masa tana hanya. Da ta kai "ina zuwa" sai ya ɗan ɗago kai.

A ranar ta faɗa mini dalilin komawarta Hindi. Marubutan Jammu sun yi shekaru suna zaginta a jarida cewa ta sayar da harshen uwarta don mutanen Delhi su tafa mata. Ashe ba haka ba ne. Ta fassara waƙar da Hindi ta karanta, ta ɗaga ido, ƙofa babu kowa. "Da Hindi ba ya zuwa," in ji ta. Na ce to ta daina karantawa da Dogri mana, magana ta ƙare. Ta yi alkawari. Ba a yi wata biyu ba aka yi mata kira daga baya, ta tashi ta gyara gyale. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta nan ta kare kanta: son tafi ya fi ƙarfin tsoron da take ji.

Amma ba ta zauna haka kawai ba. Duk Oktoba sai mun shiga jirgin ƙasa zuwa Jammu, mu ɗauki mota zuwa Basantar. Ta naɗe wando ta shiga ruwa, tsohuwa da lambar yabo, ta juya mini baya ta karanta baitin rufewar da ta kwashe shekara tana tsarawa. Wasu da hawaye ta rubuta su, wasu ta nemo tsofaffin kalmomi daga bakin makiyaya. A taro na gaba in zuba wa fuskarta ido idan ta kai ƙarshe, in ga idon ya tafi ƙofa, in san bana ma ba a dace ba. Akwatin ƙarfe guda ta cika da waɗannan baitoci.

A shekarar 2005 hanyar ƙetare iyaka ta ɗan buɗe, aka gayyaci marubuta zuwa Lahore da Sialkot. Tana da saba'in, ƙafa ta kumbura, likita ya hana, ta ce ko a kan gadon ɗaukar gawa sai ta je. Na san abin da take nema, ko da ba ta faɗa ba.

Zauren wata kwaleji ne. Gaba malamai ne da kwat, baya kuwa tsofaffi ne da suka zo daga ƙauyuka don an ce musu za a yi Dogri, mutanen da suka ƙetaro suna yara. Ta karanta na Hindi, aka tafa don ladabi. Sai wani tsoho mai jan gemu ya miƙe da sandarsa.

"Bibi, wannan muna ji a talabijin kullum. Yi mana ta Masta-ji."

Ta fara. Tana kai "yara na tsaye a rana" sai na ji wani abu daga baya da rabona da shi tun ina 'yar bakwai. "Hai, hai." Na waiga. Mata wajen goma sha biyar sun ja gyale sun rufe fuska, suna amsawa daidai inda ake amsawa, suna dukan ƙirji a hankali. Tripta ta ci gaba. Da ta kai ƙarshe babu wanda ya tafa a baya. Jira suke yi.

A harabar kwalejin wata tsohuwa gajeriya mai kauri ta tare mu, ta ƙare wa Tripta kallo daga sama har ƙasa.

"Tripto, 'yar Masta-ji. Kin yi ƙiba. Wannan kuma Ratno ce mai majina."

"Wace ce ke?" in ji ni, don ba na ɗaukar raini.

"Wadda kika ciza a kunne saboda mangwaro." Ta ɗaga gyale ta nuna tabon. "Naziran ce, 'yar Barkate. Gobe ku zo gida, ina da magana."

Tripta ta nemi wurin zama a kan dakalin fulawa. Ni na karɓi kwatancen.

Da safe keke mai taya uku ya ajiye mu a wani lungu. Ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida, surukar Naziran ta kawo shayin gishiri ta koma. Tripta ba ta taɓa kofin ba. Ta haɗa hannuwa biyu, abin da ban taɓa ganin ta yi wa ɗan Adam ba.

"Naziran, waƙar ta Masi ce. Na sani, na daɗe da sani. Ina komawa zan faɗa a jarida, zan sa a cire sunana a sa nata."

"Ta yi me da suna a kabari? Mu ba ma sa suna a kan kuka. Ke a zatonki saboda suna na kira ki?"

"To saboda me?"

"Saboda wahalar da kika ba tsohuwa." Ta ajiye kofinta. "Rediyonku ana jinsa a nan tas, kamar daga ɗakin can. Shekara huɗu da zuwanmu, uwata tana wucewa ta shagon mai shayi da tulu a ka, sai ta ji kukanta na fitowa daga akwati. Tulun ya faɗi. Ta tsaya har aka kai 'ina zuwa', ta jira, sai aka sa kiɗa. Ta ce, 'Yarinyar nan ta tashe shi ta tafi ta bar shi.' A guje ta sauka rafin bayan gari ta shiga da kayanta ta rufe. Ta dawo tana murna, ta ce nauyin da ke wuyanta tun ranar da muka gudu ya sauka. Bayan wata biyu suka sake sakawa."

Na ce, "Ta sake zuwa?"

"Duk sanda aka saka. Ko kwaɓa gari take ta bar shi. Da damina, da sanyi. Mutanen unguwa suka ce ta haukace, tana shiga ruwa saboda Hindu da aka ƙona tuntuni. Ta ce ita ta ce masa tana zuwa. Da ƙafarta ta mutu ni nake goya ta. Shekara ashirin da uku tana bin bayanki tana rufe abin da kike buɗewa, da za ta mutu ta ɗora mini." Ta nuna Tripta da yatsa. "Wanda na ji na rufe. Wanda ban ji ba fa? Delhi, Bombay, makarantu? Sau nawa kika karanta?"

Hawaye na bin kumatun Tripta ba ta share ba. Na ji tausayinta, amma wani ɓangare na zuciyata cewa yake madalla, yau ta gamu da wadda ba ta tsoron lambar yabo.

"Ki faɗa mini baitin," in ji ta a ƙarshe. "In rufe da kaina. Ubana ne."

Naziran ta yi wata dariya marar daɗi. "Ke? Kunnenki tarko ne, abin da ya faɗa ciki sai ya fito a takarda. Kin ga abin da buɗewa ta zama a hannunki. In rufewa ma ta shiga littafi, yara suka riƙa rerawa don cin jarrabawa, wa suke sallama? Wanda lokacinsa bai yi ba? Uwata ba don rowa take juya wa mutane baya ba."

"Na rantse ba zan rubuta ba."

"Rantsuwar marubuci." Ta juyo gare ni. "Ke, mai majina, kina rubutu?"

"Sunana kawai, shi ma a karkace."

"Tashi mu je. Jikokina sun ce wannan aikin jahiliyya ne, ba mai karɓa. Ni kuma gwiwa ta ƙare."

Muka bar Tripta zaune da shayin da ya huce. Rafin ba shi da nisa, ruwansa baƙi ne, ledoji na yawo a kai. Naziran ta sa na ɗebi ruwa a tafin hannu na rantse: ba takarda, ba kunnen Tripta, har in mutu. Sa'an nan ta sa baki a kunnena ta faɗa sau uku. Layi huɗu ne. Ba zan ce komai a kansu ba sai dai babu kalmar da yaron goye bai sani ba. Na shiga ruwa zuwa gwiwa, na juya mata baya, na faɗa wa Bauji. Ban ga komai ba, ban ji komai ba. Kuka kawai na yi, irin wanda ban samu na yi ba ina 'yar bakwai.

Bayan mun dawo aka shirya mata taro a Jammu. Aka yi kiran da aka saba, ta karanta, na zuba mata ido. Ta dubi ƙofa, ta daɗe tana duba, ta dawo da idonta kan takarda. A mota ta ce, "Babu kowa." Duk da haka na sa direba ya tsaya a gadar kogin Tawi, na sauka na rufe, ita tana cikin mota da gilashi a ɗage. Ba ta sake karanta waƙar ba. Ta rubuta wa jarida sunan Masi Barkate kamar yadda ta ce, aka buga a shafi na bakwai, masana suka ce tawali'un tsufa ne, littafin makaranta ya ci gaba da fita da hotonta.

Na ɗauka mun huta. Ashe a nan aka fara.

Muka tattara muka dawo Jammu da zama, kuma tun daga ranar ba ta bar ni na sha ruwa ba. Ina yanka albasa, "Ratno, da wace kalma ya fara?" Ina shafa mata mai a ƙafa, "Akwai ruwa a ciki? An ambaci sunansa?" Ta yi lallashi, ta yi fushi, ta yi kwana uku ba ta ci girkina ba. Wata rana ta sa aka jawo akwatin ƙarfen nan, ta zauna tana karanta mini baitocinta ɗaya bayan ɗaya tana kallon fuskata, ko zan motsa gira a inda ta kusa. Na ɗaure fuska tamau.

"Bobo, Bauji ya ƙetare. Me kuma kike nema?"

"Shekara hamsin ina rubuta layi huɗu na kasa. Matar da ba ta san harafi ba tana da su a baki. Ina so in san ta ina na kuskure."

"To ba don Bauji ba ne ke nan."

"Da don shi ne," in ji ta. "Yanzu don ni ne. Laifi ne?"

Gaskiya ina jin daɗin abin. Shekara ashirin da shida ina riƙe jaka, yau ga ni da abin da Tripta Basnotra ba ta da shi, tana bi na ɗaki-ɗaki. Nakan ce wa kaina rantsuwa ce nake karewa, kuma rantsuwar gaskiya ce, amma daɗin ma gaskiya ne.

Shekara uku muka yi a haka, sai ƙodarta ta tsaya. A asibiti ta kumbura har zoben aurenta sai da aka yanke. Ranar ƙarshe, bayan azahar, masu dubiya sun tafi cin abinci, mu biyu muka rage. Ta ɗago hannuwanta da ƙyar ta nuna mini.

"Dubi, Ratno. Ko cokali ba na iya riƙewa. Wa zan rubuta wa? Likita ya faɗa miki, ni ma na ji shi. Kada ki bar ni in tafi ban ji ba."

Na dubi hannuwan. Na tuna su suna yi mini kitso a Dalot, suna toshe mini kunne ranar da ake harbi. Na ce a raina Naziran ta yafe mini, wanda zai mutu kafin faɗuwar rana ba kunne ba ne. Na jawo kujera, na sunkuya, na sa baki a kunnenta na faɗi layin farko.

Ta lumshe ido, ta saki wani dogon numfashi. Na buɗe baki zan faɗi na biyu, sai idona ya sauka kan zanen gado. Yatsanta manuni yana tafiya a kan farin zanen, a hankali, daga hagu zuwa dama, harafi bayan harafi, har da layin nan da ake ja a saman haruffanmu. Na tsaya ina kallo. Ya kai ƙarshen layin, ya dawo tsakiya. Babban yatsa ya goge kalma ɗaya. Manunin ya rubuta wata a wurinta.

Gyara take yi.

Na miƙe zaune. Ta jira, ta buɗe ido.

"Sauran?"

"Na manta."

"Ƙarya kike yi."

"E," na ce.

Ta daɗe tana kallona. Babu fushi a idon, da ma akwai da ya fi mini sauƙi. Na kama hannun nan na riƙe gam don ya daina motsi, ta bar mini shi. Ba ta ƙara magana ba, kuma rana ba ta faɗi da ita ba.

An yi jawabai, an ɗora furanni, wani ya karanta "Dakata a Bakin Rafi" da lasifika a wurin ƙona gawa, na sauka Tawi na rufe. Ita kuwa babu wanda ya ja mata kuka, an daina wannan tuntuni. Rana ta goma na shiga ruwa na juya baya, na faɗi layi huɗun duka da sunanta, da ƙarfi, yadda ko kurma zai ji. Ban san ko yana aiki a kan wanda ba a buɗe masa ba, kuma Naziran da zan tambaya ta riga ta mutu.

Na sha tambayar kaina ko alkawari na cika a ɗakin nan ko ramuwa na yi. In na auna da gaskiya, ramuwar ta fi nauyi, kuma wannan ne ba na iya yafe wa kaina. Yanzu ni kaɗai ce a gidan. Ba na ganin kowa a bakin ƙofa, ni ba mai gani ba ce. Amma da rana tsaka, ina tsintar shinkafa ko ina shanya, sai in ji ta dab da kunnena, ba da faɗa ba, da muryar nan ta mai haƙurin jira.

"Sauran?"

Nakan ajiye abin da ke hannuna in faɗa mata, tun daga layi na biyu har ƙarshe. Washegari ta sake tambaya.